A gyara gidan gado, kada a rushe

Malam, ka ce gidanku na gado a Rafindadi ginin ƙasa ne, ƙannenka biyu za su yi aure, haya ta yi tsada a Katsina, kana tambaya ko a rushe a tayar da bulo. Ni dai a ganina gyara ya fi. Kuɗin siminti da rodin da za ka zuba a sabon gini zai fitar maka da sassa biyu a tsohon gidan, kowanne da bayinsa, har da canji. Kuma ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo sanyi a watan Afrilu, ko da wuta ko babu. Hasumiyar Gobarau ma ai ƙasa ce.

Sharaɗi ɗaya ne: a duba gindin bango da azara tukuna. Ka sa magini ya ƙwanƙwasa azarar ɗaya bayan ɗaya, wadda gara ta cinye za ka ji ta kamar ganga, sai a canza ta. In ruwa ya ci gindin bangon har ya rarake, wannan ɗakin kam a sauke shi, a sake kwaɓa ƙasarsa a mayar. Mu a namu kuskuren da muka yi shi ne shafa siminti kai tsaye kan ƙasa. Damina biyu ya ɓamɓaro da laima a bayansa. Da muka koma yaɓen makuba, muka ƙara tsawon indararo don kada ruwan Agusta ya zuba a jikin bango, sai muka huta.