Ku Tambaya Mu Amsa: Sarki Mai Rauni a Kati na 12

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, an ba mu aikin nazarin alamomin da ke cikin hotuna. Na zaɓi wata kartar tarot, wato irin kartar nan mai katuna 78, da aka zana bisa almarar Sarki Arthur na Birtaniya. A kati mai lamba XII, maimakon mutumin da aka rataye kai ƙasa wanda na saba gani a sauran kartocin, sai na tarar da wani sarki a kwance da rauni a cinya, ga mashi kusa da shi, bayansa kuma ƙasa ce busasshiya. Sunan katin Sarki Mai Rauni. Ta ina zan kama bakin zaren? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Duk kati a irin wannan karta magana biyu yake ɗauke da ita. Akwai ta gurbin da aka ajiye shi, wato lamba 12 da abin da ta gada tun ƙarni na 15, akwai kuma ta labarin da mai zanen ya ɗauko ya ɗora a gurbin. Ki karanta kowace ita kaɗai, sannan ki haɗa su.

Kafin ki buɗe ɗan littafin bayanin da ke zuwa cikin kwalin, ɗauki takarda ki rubuta abin da idonki ya gani kawai. Mutum nawa ne a hoton? Idon sarkin a buɗe yake ko a rufe, ina yake kallo? Mashin a hannun wa yake, kuma tsininsa yana ɗigar jini? Akwai kogi ko kwale-kwale? Akwai tasa, kofi ko dutse? Masu fara karanta littafin bayani sukan daina ganin hoton, sai su riƙa ganin abin da aka gaya musu. Waɗannan ƙananan abubuwa kuwa su ne za su nuna miki ruwayar da mai zanen ya bi, domin labarin wannan sarki ba ɗaya ba ne.

Mafi tsufa a rubuce ita ce ta mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes, a ƙarshen ƙarni na 12, wadda bai kammala ba. A cikinta an soki sarkin da mashi a cinyoyi a fagen yaƙi, har hawan doki ya gagare shi, sai ya koma shiga kwale-kwale yana kamun kifi don rage zafin zama. Wani matashin barde mai suna Perceval ya sauka a fadarsa. Suna zaune sai ga wani saurayi ya wuce riƙe da mashi, ɗigon jini yana gangarowa daga tsinin har hannunsa. Wasu samari biyu suka biyo da fitilu, sai budurwa ɗauke da tasar zinariya da ake kira Grail, sai wata da farantin azurfa. Perceval ya so ya tambayi dalilin jinin da kuma wanda ake kai wa tasar, amma ya tuna gargaɗin ubangidansa cewa yawan magana ba halin barde ba ne, sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Gari na wayewa ya tarar da fadar ba kowa. Daga baya aka shaida masa cewa da ya yi tambayar da sarkin ya warke, kuma saboda shirunsa mata za su rasa mazajensu, ƙasa za ta lalace. Idan kin ga ruwa da kwale-kwale da jerin masu ɗauke da kaya, daga nan aka ɗauko.

A Jamus, farkon ƙarni na 13, Wolfram von Eschenbach ya ba sarkin suna Anfortas, ya mai da Grail dutse, ya kuma ɗora wa sarkin laifi: ya fita faɗa saboda soyayyar da ba a halatta masa ba, aka soke shi da mashi mai dafi. A nan barden ya dawo bayan shekaru na wahala ya ce, "Kawu, me ke damunka?" Sarkin ƙanin ko yayan mahaifiyarsa ne, kuma wannan tambaya ta warkar da shi. Ba ta wuce "ya jiki?" da kowa ke yi wa mara lafiya ba, amma shekaru ana jiran mai yin ta.

A ruwayar Thomas Malory, wadda aka buga a Ingila a 1485, barde Balin ne ya soki Sarki Pellam da mashi mai tsarki, fadar ta rushe, ƙasashe uku suka zama kufai. Waraka ta zo ta hannun barde Galahad, wanda ya shafa wa sarki mai raunin jinin mashin. Rusasshen gini a bayan hoto yakan nuna wannan.

Yanzu sai gurbin. A tsofaffin kartocin Italiya, kati na 12 hoton tozartawa ne. A birane irin su Florence, idan maci amana ya tsere, hukuma takan sa a zana shi a bango an rataye shi da ƙafa ɗaya don kowa ya gani. Akwai tsohon katin da mutumin ke riƙe da jakunkunan kuɗi biyu. A 1909 ne kartar da Pamela Colman Smith ta zana a Landan bisa tsarin Arthur Edward Waite ta sauya masa fuska: hankalinsa kwance, haske kewaye da kansa, itacen da aka rataye shi yana fitar da ɗanyen ganye. Daga nan ma'anar da ta yaɗu ta zama dakatawa, haƙuri, sadaukarwa, da kallon al'amari ta wata fuska.

Inda biyun suka haɗu a fili yake: dukansu an tsayar da su, ba gaba ba baya. Yawancin ɗalibai nan suke tsayawa su rubuta "haƙuri da sadaukarwa", kuma a ganinmu wannan rabin aiki ne. Ki dubi inda suka saɓa. Itacen mutumin 1909 ɗanye ne, ƙasar sarkin kuwa ta mutu. Shi wancan ya karɓi halin da yake ciki, ba ya neman kowa. Sarkin bai zaɓi rauninsa ba, ba ya iya warkar da kansa, kuma ciwonsa bai tsaya a jikinsa ba, ya shafi gona da talaka. Don haka busasshiyar ƙasar da kika gani ba ado ba ce, ita ce rabin saƙon: lafiyar mai mulki da ta ƙasa a ɗaure suke. Mutum mafi muhimmanci a katin kuma sau da yawa ba a zana shi ba, wato baƙon da ya kamata ya buɗe baki. Idan idon sarkin yana kallon waje, wajen mai riƙe da katin, to mai zanen ke ya ajiye a matsayin Perceval. Idan kuwa ruwayar Wolfram aka bi, batun laifi ya dawo, katin ya fi kusa da tsohon na Italiya fiye da na Landan.

Kuskure ɗaya da za ki kiyaye shi ne kiran sarkin da sunan Arthur. Shi ma an yi masa rauni a yaƙinsa na ƙarshe, amma a ruwayar Malory a ka ne, kuma sarauniyoyi suka tafi da shi a jirgin ruwa zuwa Avalon bayan an jefa takobinsa cikin ruwa. Mata a jirgi da takobi, Arthur ne. Mashi da tasa da raunin cinya, wani sarkin ne daban.

TAMBAYA: Ina kwatanta kartoci biyu, sai na ga lambobi da sunayen dangoginsu ba su dace ba. Kuskuren bugu ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ba kuskure ba ne, Malam. Cikakkiyar karta katuna 78 ce: manya 22, ƙanana 56 a dangi huɗu, kowane dangi 14. A tsarin Marseille na Faransa, Adalci ne na 8, Ƙarfi na 11. Waite ya musanya su, masu zane na baya kuma kowa ya bi wanda ya ga dama. Don haka a waɗannan gurabe biyu kada ka dogara da lamba, ka nemi sikeli da takobi ko zaki. A kartocin almarar Arthur kuma akan mai da sanduna māsu, kofuna su zama Grail, tsabar kuɗi ta zama duwatsu ko garkuwoyi, takubba su zauna yadda suke. Ka ware dangogin huɗu, ka jera kowanne daga 1 zuwa 10, za ka gane wanne ya gaji wanne.

TAMBAYA: Na ji an ce daga bokayen Fir'auna aka gaji tarot. Gaskiya ne? Kuma nazarinta ba duba ba ne? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Maganar Fir'auna ba ta da tushe. Wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, shi ya yaɗa ta a 1781, tun kafin wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware rubutun tsohuwar Masar a 1822. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro tarot wajen 1440, a fadojin Milan da Ferrara, kuma fiye da shekara 300 wasa ake yi da ita, har yau ma ana buga ta a Faransa. Alaƙarta ta gaskiya da Masar ta zamanin sarakunan Mamluk ce, waɗanda kartarsu ke da kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. Irin wannan karta ce ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma akwai samfurinta a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul.

Game da duba, Malam, a ƙarshen ƙarni na 18 aka fara amfani da ita don haka a Faransa, kuma hukuncin duba a Musulunci sananne ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Abin da muke yi a wannan fili nazarin hoto ne da adabin da ya haife shi, ba mu ɗauki kati a matsayin mai sanin gobe ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da riƙe katunan ba yana iya karanta labaran uku kai tsaye, ya kuma nemi fatawar malaminsa.