Kafin 'yan jere su shigo, ka zagaya gidan da wayarka

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Na kama hayar gida mai ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki. Na biya kuɗin shekara da na dillali, da wani kuɗin ajiya da aka ce za a mayar mini ranar tashi idan ban ɓata komai ba. Bikina saura wata guda. Da na zagaya na ga bangon falo ya tsage, tayil biyu sun fashe a kicin, famfon banɗaki kuma yana ɗiga. Na ce wa dillali a rubuta, sai ya ce haba, ai Alhaji mai gidan abokin mahaifinka ne. Yanzu nauyi nake ji. Yaya zan yi? Daga angon gobe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.

Ka rubuta. Alhaji mutumin kirki ne, na yarda, amma ba lallai ne shi zai karɓi makulli a hannunka ranar tashi ba. Gidaje a Kano suna canja hannu: a sayar, a raba gado, ko a damƙa wa wani ɗa ya riƙa karɓar haya. Wanda ya zo daga baya bai san bangon da tsagewarsa ka same shi ba, shi kuwa dillalin da ya ce maka haba, ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Idan nauyi ya hana ka, ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai. Kuɗin ajiyar nan naka ne a hannun wani. Malamanmu kuma sun ce ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya tsufa don kansa, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. To da me za a bambance biyun idan ba a san yadda gidan yake tun farko ba?

Lokacin ne ya fi damuna. Ka san jerenmu. Ranar da dangin amarya suka iso da kafinta, an shimfiɗe ƙasa, kujeru sun tokare bango, labule ya rufe taga, an huda nan an huda can don a rataye talabijin da madubi. Daga ranar duk wani tabo naka ne. Haka ma idan za ka yi sabon fenti, wanda na san za ka yi, hoto kafin mai fenti ya zo. Tun ran gini, tun ran zane.

Ka je da rana, gida babu kowa, da dillali ko wakilin Alhaji, da wani babba daga ɓangarenka. Ka fara bidiyo daga ƙofar gida, ka faɗi ranar da bakinka, ka bi ɗaki ɗaki kana buɗe taga, kana murɗa famfo, kana gwada sakata da makulli. Inda ka ga lahani ka tsaya ka ɗauki hoto biyu, ɗaya daga nesa don a gane ɗakin, ɗaya dab da wurin. Tsagewar bangon nan ka ɗora biro a gefenta don a ga faɗinta, domin tsagewa tana ƙaruwa. Ka tafi da cajar waya ka gwada kowane soket. Ka zuba bokitin ruwa a banɗaki ka ga ko yana wucewa, ka tambayi maƙwabta yaushe rabon da a kwashe sokawe, kuma wa ke biya.

Ka ɗaga kai ka dubi silin da kyau. Wanda ya kama gida da rani bai san kwanonsa ba sai ruwan Agusta ya sauka. Zagayen tabo mai ruwan ƙasa alamar yoyo ce, ko da an shafe shi da fenti yakan leƙo. A sa layi a takardar da za ku rubuta cewa idan yoyo ya bayyana a daminar farko, gyaransa na mai gida ne.

Mitar wuta kuma kada ka raina ta. Ka ɗauki hoton lambarta da abin da ke kanta, ka je ofishin kamfanin wutar lantarki na KEDCO mafi kusa ka tambayi ko akwai tsohon bashi. Idan mai kati ce kuma da bashi, kana sayen wuta ana zare wani abu daga kuɗinka. A daidaita wannan kafin ka tare.

Sai ka zauna ka jera abin da kuka gani a takarda ɗaya, ku sa hannu da kwanan wata, kai da wakilin Alhaji da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Hotunan ka tura wa wakilin ta WhatsApp a ranar, don kwanan watan ya zauna a wayoyin biyu, ka kuma ajiye su a imel, saboda waya tana faɗawa hannun ɓarawo. Idan har aka kai ga kotu, Allah ya kiyaye, Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta ba da damar karɓar irin wannan hujja, bisa sharuɗɗanta. Yawanci ma a gaban mai unguwa magana take mutuwa da zarar an fito da hoto.

Wurin Alhaji kuwa, kada ka aika masa da takarda ta hannun dillali. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na ga wasu 'yan gyare-gyare ne na rubuto, don kada su ƙaru ba a sani ba." Famfon da tayil ɗin, idan ya ce ka gyara a cire a haya, ka roƙi a ƙara wannan a takardar, ka kuma karɓi rasit wurin mai gyaran.