Kada ka rufe shagon

Malam, ka tambaya ko ya dace ka rufe shagonka na gyaran rediyo, sana'ar da ka koya wa kanka, ka koma kiwo tunda idanu sun fara gajiya. Shawarata ita ce kada ka rufe shi, ka damƙa shi ga babban yaron shagon, kana leƙawa da safe.

Ni ma da kaina na koyi ɗinki a nan Maradi, ina farke tsofaffin riguna don in ga yadda aka haɗa su, kuma irinmu ba mu da fansho a CNSS, hukumar da ke biyan ma'aikata fansho a Nijar. Da na bar keken ɗinki bayan shekara 35, jajayen awakina sun ɗebe mini kewa ƙwarai, amma kuɗin dusarsu da na cefane har yau daga shagona na ɗinki suke fitowa.