Intanet kyauta daga manyan kamfanoni: wa ke riƙe da linzami?

An tambaya ko akwai illa idan babban kamfani ya kawo wa ƙasa mai tasowa intanet kyauta. Akwai, amma ba a aljihu take ba, a iko take.

Ɗauki Free Basics na Facebook, tsarin da ke ba mutum damar buɗe wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta a wayarsa. Kamfanin waya ba ya cire maka data muddin kana cikin shafukan da aka sa a tsarin, da ka leƙa waje kuɗi ya fara tafiya. Shafi kuwa ba ya shiga sai ya cika sharuɗɗan Facebook, kuma duk abin da ka buɗe ta kwamfutocin Facebook yake bi. Ƙaramar jarida da ba ta samu shiga ba, kamar babu ita ce. Saboda haka hukumar sadarwa ta Indiya, TRAI, ta haramta bambanta farashin data bisa abin da mutum ke buɗewa a Fabrairun 2016.

Sai wayoyin ƙarƙashin teku masu kai intanet daga ƙasa zuwa ƙasa. Equiano ta Google ce, 2Africa mai kimanin kilomita 45,000 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, na cikin masu ita. Amfaninsu ba a musu, sai dai mai wayar tekun shi ke zaɓen inda za ta sauka.

Gwamnati ma ba waliyyiya ba ce: Uganda ta rufe intanet lokacin zaɓen Janairun 2021.

Abin dubawa a yarjejeniyar ƙasa da irin waɗannan kamfanoni: ko kowane kamfanin sadarwa zai sayi hanya a tashar saukar wayar teku da farashi ɗaya, ina ake ajiye bayanan mutane, kuma ko rufe layi sai da umarnin kotu.