Tambayi Mama: Albashi Ya Tsaya, Maigida Ya Ce Kada Kowa Ya Ji

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Daga jihar Maryland ta Amurka nake rubuto miki. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana cikin masu binciken fasinjoji a filin jirgin sama. Tun da aka rufe gwamnati saboda rashin amincewa da kasafin kuɗi ranar 1 ga Oktoban 2025 yake fita aiki da asuba kamar kullum, amma albashi shiru. Ɗan abin da nake samu a aikin kula da tsofaffi bai kai kuɗin haya ba, ga yara uku. Ikilisiyarmu na raba abinci duk Asabar, amma ya ce kada in kuskura in je, wai mu da muka saba bayarwa ba za a gan mu a layi ba, Allah zai tanada. Na ce to mu nemi rance, ya ce wannan rashin bangaskiya ne. Zakka ma mun kasa fitarwa, zuciyata sai tuhumata take yi. Mama, neman taimako rashin dogara ga Allah ne? Ko wani zunubi muka yi?

Wata 'yarki, Maryland

AMSA

'Yata, sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya riƙe gidanki.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don ita ce na san tana hana ki barci. Ba zunubinku ya tsayar da albashin nan ba. Shekarar kuɗin gwamnatin Amurka tana farawa ne 1 ga Oktoba, kuma doka ta hana ma'aikatu kashe kuɗin da majalisa ba ta amince da shi ba. A shekarar 2025, 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat sun ja daga a kan tallafin inshorar lafiya, an kasa haɗa ƙuri'u 60 da ake bukata a majalisar dattawa, shi ke nan baitulmali ya kulle. Aka tura wasu ma'aikata gida, irin su maigidanki kuma aka ce aikinsu ba ya tsayawa, su ci gaba da zuwa, biya sai an buɗe. Giwaye ke faɗa, ku ciyawa ce kawai. Har tallafin abinci na SNAP, wanda mutum wajen miliyan 42 ke dogara da shi, ya shiga tangal-tangal a farkon Nuwamban 2025. Dukansu ne suka yi zunubi?

Na san wannan ɗacin da bakina. A rufewar da ta faro ranar 22 ga Disamban 2018 ta kai 25 ga Janairun 2019, kwana 35 cur, ma'aikata kimanin 800,000 ne suka rasa albashi. Baban yarana a lokacin yana aiki da wani kamfani mai kwangilar gyaran wutar lantarki a gine-ginen gwamnati. Kwana uku kafin Kirsimeti aka ce su zauna a gida. Lahadi ta uku a jere na ɗauki ambulan ɗin baiko, na liƙe shi babu komai a ciki, na jefa a kwando ina rera waƙa, don kada matar da ke gefena ta gane. Da muka koma gida na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka. Rashin kuɗin bai ƙona ni kamar wannan ambulan ba. Ƙarya na yi a gaban bagadin Allah saboda kunyar mutane, ina kiranta rufin asiri.

Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ce ta lura na daina kawo abinci taron Laraba. Ba ta tambaye ni komai ba. Da yamma sai ga ta da kwali biyu, ta dire a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna da nata mai sanyi ƙalau saboda hunturu, ta ce, "Shekara nawa kina ciyar da mu? Bari mu ma mu sami albarka." A ranar na gane girman kaina ne ya tare ƙofa tun farko.

Ki buɗe 2 Sarakuna sura 4, ku karanta tare da maigidanki. Mijin gwauruwar nan mai tsoron Allah ne, yana cikin ƙungiyar annabawa, amma da bashi ya mutu, har mai bin bashin zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai ce ta kulle ƙofa ta yi shiru ba. Sai da ya aike ta gida-gida wurin maƙwabta ta aro tandaye, ya kuma ce kada ta aro kaɗan. Ki duba abin da wannan yake nufi: unguwa duka ta san halin da take ciki kafin ɗigon mai ɗaya ya ƙaru. Rufe ƙofar daga baya ya zo. Man kuma bai tsaya ba sai da tandayen aro suka ƙare. Da ta ji kunya ta tsaya a gida biyu, da iyakar abin da ta samu ke nan. Maigidanki ya yi gaskiya da ya ce Allah zai tanada. Abincin Asabar ɗin nan, wa yake tsammani ya tanada shi? Ikilisiyar farko ma kullum take raba wa gwauraye abinci, har aka zaɓi mutum bakwai musamman don wannan hidima a Ayyukan Manzanni sura 6.

Amma ki bi shi a hankali. Mutumin da ke tashi ƙarfe uku na dare, ya sa kayan aiki, ya sha mai da kuɗin da ba shi da su, ya tsaya awa takwas yana duba jakunkunan masu tafiya hutu, ya dawo hannu rabbana, mutuncinsa kaɗai ya rage masa yake karewa. Kada ki je a ɓoye, kada kuma ki yi masa maganar a gaban yara. Idan ya ƙi jin taki, ki roƙe shi ku ga fasto ko dattijo ɗaya da yake girmamawa. Sau da yawa namiji ya fi karɓar irin wannan magana daga bakin namiji ɗan'uwansa.

Batun rance kuwa, akwai abin da ya kamata ki sani. Tun Janairun 2019 aka kafa dokar da ta ce a biya ma'aikatan tarayya albashinsu na baya da zarar an buɗe gwamnati. Kuɗin maigidanki na nan, jinkiri ne. Mu 'yan kwangila dokar ba ta haɗa da mu ba, abin da muka rasa ya tafi har yau. Saboda haka bankunan haɗin gwiwar ma'aikata irin su Navy Federal kan ba membobinsu da abin ya shafa rance marar ruwa a irin wannan lokaci. Ku tambayi naku bankin. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne ku guji shagunan nan masu ba da bashin "kafin albashi", ruwansu kan ninka har ya fi uwar kuɗin. Maigida ya karɓo takardar shaida daga wurin aiki, ku kai wa mai gidan haya da kamfanin wuta tun kafin ranar biya ta wuce, domin wanda aka sanar da wuri ya fi wanda aka yi wa shiru sauƙin kai. Ki kuma buga 211, za su faɗa miki wuraren taimakon abinci da haya da ke kusa da ku.

Zakka. Na san akwai fastocin da ba za su yarda da ni ba, amma ga abin da na gaskata. Daga abin da ya shigo hannu ake fitarwa, albashin da bai zo ba babu zakkarsa tukuna. A kan ɗan naki kuwa, Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba da tilas ba. In dala biyar ce zuciyarki ta iya bayarwa da farin ciki, ki bayar. In babu, ki bar kwandon ya wuce, ki ɗaga kai ki ci gaba da waƙarki. Ranar da kuɗin baya suka shigo, ku zauna ku biyu ku fitar da na Ubangiji. Duk wanda ya ce miki ki ciwo bashi ki "shuka iri" don albashi ya fito, ki tashi daga wurinsa.

Yaran ma kada ku bar su cikin duhu, sun riga sun ga firij. Ku gaya musu daidai hankalinsu cewa Baba na aiki, biyan ne ya makara, ku durƙusa tare ku roƙi abincin yini kamar yadda Yesu ya koya mana. Ku sa 'yan majalisar ma a addu'ar, ko da zuciya ba ta so.

Na sa ku cikin addu'ar Zumuntarmu ta Laraba, ban faɗi ko jiha ba. Ki sake rubuto mini bayan Asabar, ina so in ji ko kun je tare.

Mamanki cikin Ubangiji