Ƙurar Fure da Garin Ganyen Daji: Likita Ya Amsa

Likita, da zarar ciyawa ta yi fure sai in yi ta atishawa, idanuna na ƙaiƙayi. Mura ce?

Da wuya. Jikinki ne ba ya shiri da ƙurar furen ciyawa da iska ke kwasowa. Ki riƙa wanke fuska in kin dawo gida, likita ya rubuta miki maganin ƙaiƙayin. In ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya yi wuya, ki tafi asibiti nan take.

In tumɓuke furannin da na shuka saboda yarona mai asma?

Bar su. Manyan furanni masu launi ƙwari ke ɗaukar ƙurarsu, tana da nauyi da danƙo, ba ta cika tashi a iska ba.

Mahaifina ya ajiye maganin ciwon sukari, ya koma shan garin wani ganye da aka ce sabon ganowa ne daga dajin Amazon. Hakan ya dace?

Wannan tambaya ta tayar min da hankali. Lallai ya koma kan maganinsa na ciwon sukari, ka kai shi asibiti yau.

Gaskiya ne masana tsirrai na raɗa wa sababbin tsirrai kusan 2,000 suna duk shekara. Amma aikinsu shi ne su duba ganye, fure da ƙurarsa a madubin bincike, su bambanta shi da danginsa. Ba su gwada shi a jikin kowa ba.

Kuma daji ya ba mu magani, ban musa ba. A 1820 aka tace kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itacen cinchona a Faransa. Daga wani fure na Madagaska aka samo vincristine, da ake ba yara masu sankarar jini. Sai da aka ware sinadarin, aka auna adadinsa, aka gwada shekara da shekaru. Wa ya auna garin da ke cikin robar mahaifinka?

A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam suka sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da tsiron Aristolochia. Ƙodarsu ta lalace, da yawa suka ƙare a wankin ƙoda, wasu kansar hanyar fitsari ta biyo baya. Abin takaici, har yanzu ana cewa "ai ganye ne, ba ya cutarwa"!

Mai sukari dama ƙodarsa a cikin haɗari take. Ka tafi da garin asibiti, a auna sukarinsa, a gwada ƙoda da hanta. In ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ragu, ko ya fara amai, kada ku jira gari ya waye.