Me Ya Sa Intanet Ke Ɗaukewa Idan An Yi Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Argungu, kuma intanet yana zuwa mini ne ta eriyar da aka kafa a kan dogon ƙarfe bisa rufin shagon. Tun faɗuwar damina, duk ranar da aka yi ruwa sai sabis ya ɗauke, wani lokaci har ya kwana bai dawo daidai ba. Shin eriyar ce ta lalace?
Mai karatu daga Argungu, Jihar Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayen wata, domin a ganina amsar tana cikin abin da ka faɗa, cewa sabis ɗin yakan kwana bai dawo ba.

Gaskiya ne ruwan sama yana raunana sigina, amma hakan ya fi shafar na'urorin da ke aiki sama da gigahaz 10 (gigahaz shi ne ma'aunin zangon da sigina ke tafiya a kai), irin su farantin tauraron ɗan'adam, kuma da zarar hadari ya wuce sai komai ya koma daidai. Yawancin eriyoyin shaguna kuwa a kan gigahaz 2.4 ko 5 suke, inda ɗigon ruwa ba ya rage wani abin kirki. Matsalar da ta zarce bayan ɗaukewar ruwa tana nuna cewa ruwan ya samu hanyar shiga wani wuri.

Wurin da na fi zargi shi ne inda waya ta shiga jikin eriya. Zafin watannin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a yankinku, yana busar da baƙin tef ɗin da aka naɗa har ya tsattsage, sai ruwan farko ya bi jikin wayar ya kwanta a cikin mahaɗar. A sa mai gyara ya zare kan wayar ya duba: idan ƙananan haƙoran nan masu ruwan zinariya sun yi kore ko baƙi, tsatsa ta ci su. A yanke wajen a sa sabon kai, a naɗe da tef ɗin roba mai manne wa kansa, sannan a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta hau ta shiga na'ura, yadda ruwa zai ɗiga a ƙasan lanƙwasar. Wayar cikin ɗaki ba ta jure rana, don haka a nemi wadda aka yi domin waje.

Sai kuma iskar da ke zuwa gaban hadari, wadda kan karkatar da eriya idan noti ya saki. A duba lambar ƙarfin sigina a shafin saitin eriyar: kusa da -60 yana da kyau, -80 kuwa ya yi rauni. Idan akwai darbejiya tsakaninka da hasumiyar da ke turo maka sabis, jiƙaƙƙen ganye ma yana tare sigina, sai a sassabe rassan.

Ina roƙonka kada kowa ya hau ƙarfen nan alhali ana walƙiya ko rufi yana jiƙe, kuma a tabbatar an haɗa masa wayar da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa kafin ruwan Agusta ya kankama.